Ta ci 3 a magana bayan shekara biyar a makarantar harshe biyu: yarinyar ce, jarrabawar ce, ko shugabar?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga iyayen da 'ya'yansu ke makarantar Turanci da Sifaniyanci a nan Amurka. 'Yata tana aji huɗu a wata makarantar gwamnati a Maryland, tun daga kindagatin take can, ta hanyar ƙuri'a muka samu gurbin. Tsarinsu rabi da rabi ne: da safe lissafi da kimiyya da Sifaniyanci, bayan cin abinci sauran darussa da Turanci. Duk shekarun nan katin sakamakonta abu ɗaya yake faɗa, wai tana kan matakin da ake so. Bana aka yi musu jarrabawar STAMP, mai auna iya Sifaniyanci, a karon farko, cikin Fabrairu. Shiru, shiru, sai da wasu iyaye suka matsa sannan aka cusa takardar a jakar yara dab da hutu, ba wasiƙa, ba bayani. A sauraro ta samu 5, karatu 4, rubutu 3, magana 3. Mun nemi a nuna mana sakamakon ajin gaba ɗaya, shugabar makarantar ta ce za a duba. Ita kuma shugabar ba ta jin Sifaniyanci ko kaɗan, bara aka kawo ta. Yanzu iyaye sun rabu biyu. Wasu na tara sa hannu a canja ta, wasu na cewa jarrabawar ce ba ta da kai. An kawo mini takardar in sa hannu, tana nan a kan firij. Shin 3 ɗin nan faɗuwa ce? Kuma dole ne shugabar irin wannan makaranta ta iya harshen?

Baban_Sadiq_MD:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham, sa hannu kawai. Shekara biyar fa! Da kuɗi kika biya malamin gida ya kawo miki wannan sakamako, da tuni kin sallame shi.

Malama_Bilki_TX:
Baban Sadiq, a yi haƙuri tukuna, mu fara sanin me lambar take nufi. Ina taimaka wa malamar aji a makarantar harshe biyu a Texas, takardun nan suna bi ta hannunmu. STAMP ba jarrabawar ci ko faɗuwa ba ce. Tsani ne da aka gina a kan ma'aunin ACTFL, ƙungiyar malaman harsuna ta Amurka. Daga 1 zuwa 3 matakin ɗan koyo ne, daga 4 zuwa 6 matakin tsaka-tsaki. Mai 3 a magana yana iya haɗa gajerun jimloli a kan abin da ya saba, kamar iyalinsa da abincinsa da ajinsa, amma idan aka ja zancen sai ya koma kalma ɗai-ɗai da abin da ya haddace. Mai 4 ya fara ƙirƙiro jimlolin kansa, yana iya yin tambaya. Mai 5 yana jero jimloli suna bin juna. To Ilham tana bakin ƙofar tsaka-tsaki a magana, a sauraro kuwa ta shige ciki sosai. Wannan giɓin da kike gani tsakanin ji da faɗa ba sabon abu ba ne. Tun da aka fara koya wa yara masu Turanci darussa cikin Faransanci a Kanada a 1965 masu bincike suke ganinsa: kunne yana yin gaba, baki da alƙalami suna biyowa a baya, saboda yaro yana yini yana sauraron malama amma ba a cika tilasta masa ya yi dogon bayani da bakinsa ba. Ba na cewa 3 abin guɗa ne a aji huɗu, da na fi son in ga 4. Amma ba abin ɗora hannu a ka ba ne.

Baban_Sadiq_MD:
Malama, ke ma'aikaciyarsu ce, dole ki kare su.

Malama_Bilki_TX:
Ban kare kowa ba, ranka ya daɗe. Ka jira ka ji abin da zan ce a kan shugabar.

Injiniya_Kabir:
Ni ta gefen na'ura zan yi magana. Na taɓa zuwa taimakon sa kai ranar da ajin ɗana suka yi irin wannan jarrabawa. Aji guda aka zuba a ɗakin kwamfuta, kowa da abin ji a kunne da makirfo a baki, kowa na magana lokaci ɗaya. Ɗana mai kunya ne. Ina tsaye a bayansa na ga ya duƙar da kai, ya yi raɗa kamar jimla ɗaya da rabi, ya danna ya wuce, don kada na kusa da shi ya ji ya yi masa dariya. Sashen magana naɗa ake yi, mutum ne zai saurara daga baya ya ba da maki, kuma abin da ya ji a faifan shi zai auna. Sashen rubutu kuma bugawa ake yi, yaron da ba a koya masa inda zai samo ñ da wasula masu ɗigo a sama ba, rabin lokacinsa a neman madanni zai ƙare. Tunda kin ce karon farko ne a makarantarku, ki tambaya ko an yi musu gwajin share fage kafin ranar. Idan ba a yi ba, ki ɗauki 3 ɗin a matsayin mafi ƙarancin abin da ta iya.

Maman_Ilham:
Injiniya, na tambaye ta yanzu. Ta ce ba a yi musu wani gwaji ba, kuma makirfonta sai da aka canja sau ɗaya. Amma gaskiya ni ma ina lura. Maƙwabciyarmu 'yar ƙasar Salbado ce, idan ta yi mata magana tana gane komai, sai ta amsa da Turanci.

DanZango_Bronx:
Hajiya, wannan ai duk yaranmu ne, har da Hausa haka suke mana. Ka ce “kawo mini ruwa”, ya kawo, ka ce “ina ka je”, ya ba ka amsa da Turanci. Amma kada ki cire ta. Mu nan Bronx, wanda ya iya Sifaniyanci a asibiti ko shago ko wurin gini, shi ake fara ɗauka. Mutum sama da miliyan 40 ke magana da shi a gida a ƙasar nan. Ni da bakin titi na koya, a wurin 'yan Jamhuriyar Dominika.

Alhaji_Sule_Ohio:
Ni dai ban taɓa gane wannan lamari ba. Yaro bai iya Hausa ba, bai sauke ba, Turancin ma ana fama, an ƙara masa na huɗu. Rabin yini ana masa lissafi da yaren da uwarsa ba za ta iya taya shi aikin gida da shi ba. Gobe idan Turancinsa ya yi rauni wa za a kama?

Dr_Hauwa_PDX:
Alhaji, a kan Turanci kam akwai amsa, kuma daga garin da nake ta fito. A Portland da ƙuri'a ake shiga makarantun harshe biyu, sai masu bincike na cibiyar RAND suka bi yaran da ƙuri'a ta faɗa wa da waɗanda suka nema ba su samu ba. Wannan ya sa ba za a ce ai 'ya'yan masu himma ne kawai aka kwatanta da na kowa ba, duk iyayen sun nema. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna yaran harshe biyu sun wuce takwarorinsu a karatun Turanci da kamar wata bakwai a aji biyar, kamar wata tara a aji takwas. A lissafi da kimiyya ba a ga wani bambanci ba. Saboda haka Turanci ba shi ne abin tsoro ba. Abin da Maman Ilham ta kawo shi ne ainihin wurin da ake yawan samun rauni: shi Sifaniyancin da aka yi alkawari, wa ke auna shi?

Alhaji_Sule_Ohio:
To Dakta, na ji. Hausar fa?

DanZango_Bronx:
Alhaji, Hausar kam ba firinsifal za ta koya masa ba, kai ne.

Damagaram79:
Salamu alaikum. Tambayar Dakta Hauwa ta tuna mini gida. A Nijar an buɗe lakwal, wato makaranta, ta gwaji mai Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973, yara su fara da harshen gida sannan Faransanci ya shigo a hankali. Waɗanda suka ga ajin sun san yaran suna buɗe baki suna tambaya, ba kamar mu da muka yi shekara biyu muna kallon mushe, wato malami, ba mu san me yake faɗa ba. Amma jarrabawar sartifika da Faransanci ake yin ta. To uba yana ganin haka sai ya ce a bar wasa, a ba ɗansa Faransanci. Mushe ma ya san da abin da za a auna shi. Harshen da ba ya cikin jarrabawa, ko an rubuta shi a takardar tsari, a aji baya yake komawa. Na zo nan na tarar da abu ɗaya, sai dai Turanci ne a wurin Faransanci.

Malama_Bilki_TX:
Malam na Damagaram ya taɓo inda yake ciwo. Dokar tarayya ta wajabta a gwada yara a karatu da lissafi kowace shekara daga aji uku zuwa takwas, kuma da wannan sakamakon ake yi wa makaranta hukunci, da shi ake kiran shugaba ofis. Babu dokar tarayya da ta ce a auna Sifaniyancin Ilham. Mu a Texas aƙalla akwai jarrabawar jiha ta STAAR da Sifaniyanci daga aji uku zuwa biyar, amma ita ma darasi take aunawa, ba ƙwarewar harshe ba. To ku duba abin da ke faruwa daga Janairu zuwa Afrilu: sai a ce a ɗan ari rabin awa daga lokacin Sifaniyanci a yi bitar jarrabawar jiha. Malamin kiɗa Turanci, malamin motsa jiki Turanci, ɗakin karatu Turanci, sanarwar safe Turanci, filin wasa Turanci. A takarda rabi da rabi, idan ka ƙirga da agogo da ƙyar ya kai kashi ɗaya cikin uku. Wanda ke hana wannan zaizayar ko ya ƙyale ta, shi ne shugaban makaranta. Shi ya sa tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi.

Ra'ayina a kanta: ya kamata ta iya. Shugaba ce ke shiga aji ta zauna a baya ta duba malama. Idan ba ta jin abin da ake faɗa, za ta ga yara sun yi tsit, allo ya yi kyau, ta rubuta madalla. Ba za ta gane cewa tambayoyin duk na “eh” ko “a'a” ne ba, ba za ta ji cewa malama na fassara kowace jimla zuwa Turanci ba, wanda shi ne ke sa yaro ya daina wahalar da kansa ya jira fassara.

Hajiya_Rabi_Chicago:
Malama Bilki, a nan zan saɓa miki kaɗan. Na zauna a majalisar makarantar 'ya'yana. A Chicago tun dokar 1988 kowace makaranta tana da majalisarta, iyaye shida ne a ciki, sun fi kowane rukuni yawa, kuma majalisar ce ke ɗaukar shugaba a kan kwantiragin shekara huɗu, ita ke sabunta masa ko ta ƙi. Saboda haka na ga shugabanni iri biyu da idona. Na farko Sifaniyanci ya sha a nono, idan ya yi jawabi a taron iyaye har tafi ake yi. Shi ne kuma ya riƙa yanke lokacin Sifaniyanci duk shekara saboda makin jiha. Wadda ta gaje shi gaisuwa kawai ta iya. Amma ta ɗauko mataimakiya ƙwararriya ta ce ke za ki riƙa duba azuzuwan Sifaniyanci, ni zan zauna kusa da ke in koya. Ta kafe jadawali a bakin ofis da mintocin kowane harshe, ta ce duk wanda ya ga an taɓa ya zo ya same ta. Ta sa kuɗin littattafan Sifaniyanci na asali a kasafi, ba fassararru ba. Idan aka samu mai harshen kuma mai tsayawa, alhamdu lillahi. Idan ɗaya za a zaɓa, ni mai tsayawa zan ɗauka.

Malama_Bilki_TX:
Hajiya, ai kin ƙarfafa maganata. Ta san ba ta ji, ta nemo mai ji ta ba ta iko. Maman Ilham, a makarantarku akwai mataimaki ko mai kula da shirin da ya iya harshen?

Maman_Ilham:
Akwai wata mai kula da shirin, amma makaranta uku take zagayawa, ranar Talata kawai muke ganinta.

Baban_Sadiq_MD:
Kun gani ko? Kuma Hajiya Rabi, mu a Maryland ba mu da irin ikonku. Hukumar ilimi ta gunduma ce ke naɗa shugaba ta turo. Takardar sa hannu ita ce kaɗai sandar da ke hannun iyaye.

Ummi_Barsalona:
Ina karanta ku ina murmushi. Mu nan Kataloniya, a ƙasar Sifaniya, rigimar a juye take. Makarantar gwamnati da Katalanci ake koyarwa, Sifaniyanci darasi ne, har wasu iyaye suka kai ƙara, babbar kotun yankin ta yanke a ƙarshen 2020 cewa a ba Sifaniyanci aƙalla kashi 25 cikin ɗari, kuma har yau ana ja-in-ja a kai. Amma yarana Sifaniyancinsu ya fi Katalancinsu gudu, saboda shi ne a titi da talabijin da filin ƙwallo. Harshen da ke waje ba ya buƙatar mai gadi, na cikin aji kaɗai ne ke buƙata. Abin da ya burge ni a nan, a aji shida ana yi wa kowane yaro jarrabawar gwamnati a Katalanci da Sifaniyanci da Turanci, duka uku, a aiko wa iyaye. Maman Ilham, idan kina son ma'auni daga waje, me zai hana ki kai ta ta yi jarrabawar Sifaniyanci ta DELE ta cibiyar Cervantes? Takardar ba ta mutuwa, ko'ina a duniya an san ta.

Dr_Hauwa_PDX:
Anti Ummi, DELE ta 'yan makaranta an tsara ta ne don masu shekara 11 zuwa 17, 'yar aji huɗu ba ta kai ba tukuna. Kuma kuɗi ake biya, ma'auninta na Turai ne, A1 zuwa C2, ba zai zauna daidai a kan lambobin STAMP ba. Ko ta yi, matsalar Ilham kaɗai za ta haska, ba ta makarantar ba.

Injiniya_Kabir:
Bari in yi lissafi, tunda ana ta cewa shekara biyar. Shekarar karatu kwana 180 ce. A ce awa uku na Sifaniyanci kullum, awa 540 ke nan a shekara, 2,700 a shekara biyar, idan ba a taɓa ko minti ɗaya ba. Masanin koyon harshe Jim Cummins na Toronto ya ce yaro baƙo yana kama harshen hira cikin kamar shekara biyu, amma harshen karatu sai shekara biyar zuwa bakwai. Kuma yana maganar yaron da harshen ya kewaye shi ne dare da rana. Ilham da an tashi makaranta ta bar Sifaniyanci a ƙofa sai gobe, ga dogon hutun bazara.

Baban_Sadiq_MD:
Injiniya, awa 2,700 kaɗan ce? Ni a ganina lissafinka ni ya goya wa baya.

Maman_Ilham:
Lissafin ma bai cika haka ba. A aji biyu malamarsu 'yar Sifaniya ce, cikin waɗanda ake kawowa aro, ta koma gida a tsakiyar shekara. Daga nan har hutu malaman wucin gadi aka yi ta turowa, yawancinsu da Turanci suke koyarwa, su kunna wa yara bidiyon Sifaniyanci. Amma katin ƙarshen shekara ya zo da “tana kan mataki” kamar kullum.

Hajiya_Rabi_Chicago:
Tsaya, 'yar'uwa. Aji biyu? Wato kafin a kawo wannan shugabar?

Maman_Ilham:
Eh, lokacin tsohon shugaban ne. Shi ɗan Fotoriko ne, kowa na sonsa.

Hajiya_Rabi_Chicago:
Kuma a zamaninsa an taɓa yin STAMP ko wata jarrabawar waje?

Maman_Ilham:
Ko sau ɗaya. Ita ce ta kawo ta bana.

Hajiya_Rabi_Chicago:
To jama'a ku duba. Wanda ya iya harshen ya yi shekaru bai auna ba, aji ya yi wata da watanni ba malama, kati yana ta cewa lafiya lau. Wadda ba ta iya ba ta zo ta sa ma'auni, zazzaɓin ya fito, yanzu ita za a kora. Ni ba zan sa hannu a wannan takarda ba.

Baban_Sadiq_MD:
Hajiya, to me ya sa ta ɓoye? Fabrairu aka yi, sai dab da hutu ta cusa a jaka kamar takardar tallan fiza. Wanda ya auna don gyara ai taro yake kira.

Malama_Bilki_TX:
A nan kam ina tare da Baban Sadiq. Auna ɗin daidai ne, abin da ya biyo baya ne ba daidai ba. Lamba ba tare da maƙasudi ba ba ta da ma'ana. Ku duba Utah: tun dokar 2008 jiha ce ke riƙe da shirin, ta rubuta matakin da ake so yaro ya kai a kowane aji a ji da magana da karatu da rubutu, kuma daga aji uku ana yi musu jarrabawar auna ƙwarewar harshen. Uwa a can tana iya ɗora takardar ɗanta kusa da maƙasudin ta gani da kanta. Ku a makarantarku “tana kan mataki” ɗin nan, wane mataki? Wa ya rubuta shi? Wannan ce tambayar farko da zan yi mata a gaban kowa.

Nana_Kumasi_NJ:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Ni matsalata akasin haka ce. Ranar rajista na rubuta Hausa a takardar da ke tambayar harshen gida, shi ke nan aka sa ɗana cikin masu koyon Turanci, duk shekara sai ya yi jarrabawar Turanci ta ACCESS, alhali a Newark aka haife shi. Turanci ana auna shi har ya gaji, Sifaniyanci ba a auna ba, Hausa kuwa ba wanda ya tambaya.

Dr_Hauwa_PDX:
Nana, kina da ikon ƙin karɓar darasin tallafin, amma jarrabawar shekara-shekara za ta ci gaba har ya kai makin fita. A kan Hausa kuma, ki riƙe wannan: akwai hatimin iya harshe biyu da ake manna wa takardar kammala sakandare, California ce ta fara da dokar 2011, sauran jihohi suka bi. Ba na Sifaniyanci kaɗai ba ne. Ga harsunan da ba su da jarrabawar kwamfuta, wasu jihohi suna karɓar hira ta baki da rubutu ko tarin aikin yaro. Ki tambayi mai ba ɗalibai shawara tun yana aji tara. Kuma Maman Ilham, jihohi da yawa 5 ko 6 suke nema a wannan tsanin don ba da hatimin, a ƙarshen sakandare. Tana da shekara takwas a gaba, in dai shirin ya ci gaba bayan firamare. Wannan ma abin tambaya ne, don wurare da yawa a aji shida yake tsinkewa ya koma darasi ɗaya a rana.

Alhaji_Sule_Ohio:
Yanzu kuka yi magana. Idan har Hausa za ta hau takarda, zan sa nawa su dage.

Damagaram79:
Ina da tambaya ga Maman Ilham. Takardar sa hannun, su wa suka rubuta ta, kuma da wane harshe? Iyayen da Sifaniyanci ne harshensu na gida me suka ce?

Maman_Ilham:
Malam, da Turanci aka rubuta ta, 'yan kwamitin iyaye ne, yawancinsu Turawa masu aikin ofis. Na je wurin maƙwabciyata da yamma. Ita ba a ma kai mata ba. Ta ɗauko takardar ɗanta daga cikin aljihun kicin ta shimfiɗa mini a kan tebur: sauraro 6, magana 6, karatu 4, rubutu 3. Ta sa yatsa a kan 3 ɗin ta ce yaron da ke yi wa kakarsa hira awa guda a waya, ba ya iya rubuta mata saƙon layi huɗu ba kuskure. Ta ce ita ba ruwanta da ko shugaba ta iya harshen, tsohon ya iya, me ya tsinana? Abin da ke damunta, taron iyaye ƙarfe uku na rana ake sa shi lokacin tana wurin aiki, kuma ba tafinta.

Malama_Bilki_TX:
Wannan 3 ɗin ya fi na Ilham tayar mini da hankali nesa ba kusa ba. Yaron da ya zo da harshen daga gida, aikin makaranta kawai ta ɗora masa karatu da rubutu, idan ya tsaya a 3 to ba a koyar da rubutun Sifaniyanci a makarantar, magana ta ƙare. Kuma wannan ba makirfo ba ne. Wata masaniya, Guadalupe Valdés, ta yi gargaɗi tun 1997 cewa irin waɗannan makarantu suna iya komawa wurin da ake sassauta Sifaniyanci don 'ya'yan masu Turanci su bi, masu harshen su zama abin koyi kawai. Idan za ku nemi sakamakon aji, ku nemi a raba shi biyu, masu Sifaniyanci a gida da marasa shi. Idan aka cakuɗa, 6 ɗin wancan zai rufe 3 ɗin wannan a magana, kowa ya ga matsakaici mai kyau.

Injiniya_Kabir:
Ƙarin bayani a kan neman takardu: dokar FERPA ta 1974 ta ba ki ikon ganin duk abin da ke cikin fayil ɗin 'yarki, makaranta tana da kwana 45 ta nuna miki. Na 'ya'yan wasu ba za a ba ki ba. Jimillar aji ba suna kuwa ba sirrin kowa ba ce in dai yaran suna da yawa. Ki rubuta ta imel, kada ki tsaya a baki, ki sa mai kula da shirin harshe biyu na gunduma a kwafi.

DanZango_Bronx:
Ni dai kafin a gama duk wannan, Hajiya ki riƙa tura Ilham gidan maƙwabciyar nan ranar Asabar, a ce ba Turanci. Ɗanta kuma ya zo ku yi masa tuwo.

Baban_Sadiq_MD:
Duk na ji ku. Amma ku sani, in ba don takardar sa hannun ba, da ko taron ba za a kira ba. Hukuma ba ta motsi sai ta ga sunaye.

Hajiya_Rabi_Chicago:
Sunaye a kan me, shi ne zancen. A rubuta wata: a ba mu maƙasudin kowane aji, a ba mu jadawali da mintoci, a ba mu mai kula da shiri na dindindin, a sake jarrabawar baɗi bayan an yi wa yara gwaji. Wannan zan sa hannu sau goma. Idan kuka kore ta, wanda zai zo ya riga ya koyi darasi: kada ka auna.

Baban_Sadiq_MD:
Idan kuma ta karɓi takardar taku ta ce za a duba?

Maman_Ilham:
Yanzu imel ya shigo, an sa taro ranar Alhamis ta sama, ƙarfe shida da rabi na yamma, mai kula da shirin ma za ta zo. Ba a ambaci tafinta ba. Ban sa hannu ba, ban kuma mayar musu da takardar ba. Malama Bilki, don Allah ki turo mini tambayoyin nan a jere ta akwatina in buga su. Maƙwabciyata ta ce za ta zo idan an samu mai fassara, ita za ta yi tambayar rubutun da kanta.

Malama_Bilki_TX:
Zan turo bayan isha'i in sha Allah. Ki amsa imel ɗin yau ki nemi tafinta a rubuce, ki ambaci cewa iyaye fiye da ɗaya ke buƙata. Kuma ku ce kada a sa malamar aji ta yi fassarar, don a kan aikinta za a yi magana.

Nana_Kumasi_NJ:
Dakta Hauwa, hirar bakin nan ta Hausa, wace Hausa za su yi masa? Ta Kano ko tamu ta Zango? Don in ta Kano ce sai na nemo masa malami.